Ciwon Sanyi: Nazari bisa Kalmar da Magungunan da A Ke Ɗora Mata

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ko bakin kasuwa a ƙasar Hausa ya san muryar mai tallar maganin sanyi. Dā da baki ya ke yi, ya shimfiɗa buhu ya jera saiwoyi da sassaƙe. Yanzu kuwa lasifika ce bisa mota, ko rediyo, ko wayar hannu. Zubin maganar dai bai sake ba. Ya kan fara da lissafa alamu, su ƙaiƙayin gaba, zafin fitsari, ciwon mara, farin ruwa, ƙuraje, ciwon baya, kasala, rashin ƙarfi da rashin haihuwa. In ya gama sai ya tattara su duka ya kira su da suna guda, watau sanyi, sa'an nan ya ɗaga kwalba guda ya ce ga maganinsa.

Ni ba likita ba ne, kuma ba ni da iko in yanke hukunci bisa ƙarfin wata saiwa. Aikina nazarin harshe. Amma na lura cewa gardamar da a ke yi a kan ko maganin gargajiya yana warkar da ciwon sanyi ko ba ya warkarwa, ana yin ta ne ba tare da an tsaya an tambayi abin da kalmar ta ƙunsa ba. Abin da na ke so in nuna a wannan takarda shi ne, maganin sanyi kamar yadda a ke tallarsa, a ke kuma rubuta shi, an ɗora shi ne bisa kalma, kalmar kuwa ta haɗiye cututtuka masu yawa waɗanda asalinsu dabam dabam ne. Muddin ba a rarrabe su ba, ba mai iya yi wa itacen adalci, balle majinyaci.

2. Kalmar Sanyi

Asalin ma'anar sanyi ba ta ɓuya ga kowa ba. Bahaushe ya bambanta ɗari, wanda ke zuwa da iskar hunturu a bushe, da sanyi, wanda ke tafe da laima da danshi. Daga nan kalmar ta yi rassa. Akwai sanyin hali, da sanyin jiki, da sanyin gwiwa. A fagen ciwo kuma akwai sanyin ƙashi, da sanyin haƙarƙari, da sanyin mara. Ga yadda mutanen dā su ka ɗauka, sanyi abu ne da ke shiga jiki daga waje, ya nemi wuri ya kwanta. Wannan fahimta ta dace da ilmin ɗibbu wanda ya zo mana ta littattafan Larabawa, su kuma su ka gada daga Yunanawa irin su Jalinusu, inda a ke auna lafiya da abubuwa huɗu, watau zafi da sanyi da danshi da bushewa.

To, a nan ne suna ya ke fara aiki. In an ce cuta sanyi ce, hankali zai ba da cewa maganinta abu mai zafi ne ko mai busarwa. Shi ya sa da wuya a ga haɗin maganin sanyi ba citta, ko masoro, ko kanumfari, ko kimba, ko tafarnuwa. Ba a zaɓe su don an ga sun kashe wani abu a jiki ba. Sunan cutar ne ya zaɓo su.

Ƙamusoshin Hausa da Turanci sun fassara ciwon sanyi da cutar da likitoci ke kira gonoriya, su ka fassara tunjere da sifilis. Fassarar ba ƙarya ba ce, sai dai ta ƙuntata abin da kasuwa ta faɗaɗa. Likitan da ya koyi Hausa daga ƙamus, in mace ta ce masa tana da sanyi, zai ji cuta guda. Ita kuwa mai yiwuwa ƙaiƙayi kurum ta ke nufi, ko ciwon mara, ko kuwa ta shekara biyar ba ta sami ciki ba.

Har wa yau akwai wani abu a nahawun kalmar da ya kamata a duba. In an ce sanyin mata, harafin nan -n da ya haɗa kalmomin biyu bai faɗi irin dangantakar da ke tsakaninsu ba. Yana iya zama sanyin da ke kama mata, kamar yadda a ke cewa ciwon yara. Yana kuma iya zama sanyin da a ke ɗauka daga mata, kamar yadda a ke cewa zazzaɓin sauro. Ma'anonin biyu duk suna raye a bakin mutane, ta biyun kuwa ta ɗora laifi a gefe guda, alhali cutar tana tafiya ta ko'ina, daga namiji zuwa mace kamar yadda ta ke daga mace zuwa namiji.

Ba za mu ƙi faɗin alherin kalmar ba. Sakaya ce, kuma kunya ta haife ta. Da ba don ita ba, da mata da yawa ba su iya buɗe baki su faɗi damuwarsu ko ga ungozoma ba. Amma sakayar da ta rufe kunya ita ce kuma ta rufe hanyar da cutar ke bi. Wanda ya yarda sanyi ne ya shige shi, ko kuwa a ban ɗaki ya ɗauka, kamar yadda masu talla ke yawan faɗi yanzu, ba shi da dalilin da zai sa ya kai iyalinsa a duba su. A gida mai mace biyu ko uku, sai a yi wa ɗaya magani, kwana ya zagayo cutar ta komo mata.

3. Abin da Ke Cikin Jakar

Bari mu zazzage jakar mu ga abin da ke ciki, bisa ga abin da likitoci su ka tabbatar.

Na farko akwai gonoriya. Wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya ga ƙwayarta da madubin likita cikin 1879. Ga namiji ta kan bayyana bayan 'yan kwanaki da zafin fitsari da ɗigar mugunya. Ga mata kuwa, da yawa ba sa ganin alama ko kaɗan. Na biyu akwai kilamidiya, wadda ta yi kama da ita amma ƙwayarta dabam, ta kuma fi ta ɓuya. Su biyun nan in sun daɗe su kan haura zuwa mahaifa su toshe hanyoyin da ƙwai ke bi, mace ta zama juya, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa ya nemi ranta. Ga namiji su kan ƙuntata hanyar fitsari. Jaririn da a ka haifa ta hanyar da gonoriya ta kama, idonsa ya kan cika da mugunya cikin kwanakin farko, in ba a yi hanzari ba ya makance. Sabo da wannan ne Carl Credé na birnin Leipzig ya fito da ɗiga wa jarirai magani a ido cikin 1881.

Na uku akwai tunjere, wadda Schaudinn da Hoffmann su ka gano ƙwayarta a Berlin cikin 1905. Na huɗu akwai tirikomonas, wata 'yar halitta mai rai da ke kawo farin ruwa da ƙaiƙayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2020 kaɗai an sami sababbin kamu miliyan 374 na waɗannan huɗu, watau tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tunjere miliyan 7.1. Duk huɗun ana warkar da su sarai, amma kowace da irin maganinta.

Bayan su akwai waɗanda bairos ke kawowa, kamar ƙurajen nan masu ruwa da a ke kira hapis, waɗanda su kan fito su bushe su sake fitowa. Sa'an nan akwai waɗanda su ka faɗa jakar alhali ba na saduwa ba ne. Ƙaiƙayi da farin ruwan da kandida ke kawowa, wadda dangin fumfuna ce, yana samun mace ko ba ta san namiji ba. Ciwon mafitsara yana sa zafin fitsari. Tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira cikin 1851, daga ruwan kududdufi da madatsa mai katantanwa a ke ɗaukar ta, kuma ban da fitsarin jini ta kan yi wa mace miki a al'aura wanda a ke rikita shi da cutar saduwa. Akwai ma farin ruwan da ba cuta ba ne ko kusa, halitta ce ta mace mai lafiya.

Mai karatu ya duba da kansa. Ga bakteriya, ga bairos, ga fumfuna, ga tsutsa, ga lafiya lau, duk a ƙarƙashin suna guda. Ko asibiti ba ta da ƙwaya guda da ke maganin waɗannan duka. Wanda ya ce kwalbarsa tana yi, ya yi da'awar da ta fi ƙarfin kowane magani da ɗan Adam ya sani.

Kada a ɗauka wannan rikici na Hausawa ne kaɗai. Turawa sun yi ƙarnuka suna zaton gonoriya da tunjere cuta guda ce. Cikin 1767 John Hunter, babban likitan fiɗa na Ingila, ya ɗebi mugunyar mai gonoriya ya sa a jikin mai lafiya don ya gwada. Ashe majinyacin yana da tunjere kuma. Da alamun tunjere su ka fito, sai Hunter ya ƙara sakankancewa cuta ɗaya ce. Kuskuren ya zauna har Philippe Ricord na Faransa ya raba su cikin 1838. Sai da a ka raba sunaye kāna a ka sami hanyar raba magunguna.

4. Ciwo da Cuta, Lafawa da Warkewa

Hujjar mai talla mafi ƙarfi ita ce shaidar waɗanda su ka sha. Wane ya sha, miki ya bushe. Wance ta sha, ruwa ya ɗauke. Ba na cewa ƙarya su ke yi. Abin da na ke cewa, Hausa tana da kalmomin da za su auna wannan shaida, mai talla kuwa ya kan tsallake su.

Bahaushe ya san bambancin ciwo da cuta. Ciwo shi ne abin da mutum ke ji, cuta ita ce abin da ke ɓarna. Ya kuma san bambancin lafawa da warkewa. Wuta ta kan lafa alhali garwashi na ƙarƙashin toka. Warkewa kuwa, kamar sauran aikatau masu ƙarewa da -e waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na huɗu cikin tsarinsa na 1960, tana ɗauke da ma'anar ƙarewar abu ɗungum, kamar cinye da shanye da ƙone. Wanda ya ce na warke ya yi babbar magana, gama ya ce babu saura.

To, cututtukan nan su ne gwanayen lafawa. Tunjere ta kan fara da miki guda marar zafi wajen mako uku bayan kamuwa. Mikin ya kan bushe don kansa cikin mako uku zuwa shida, ko an sha magani ko ba a sha ba. Bayan wani lokaci ƙuraje su feso a jiki har tafin hannu da na ƙafa, su ma su ɓace don kansu. Daga nan ƙwayar ta yi kwance shekaru, ga waɗansu har goma ko ashirin ko fi, kāna ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Cikin shekarun kwanciyar mace mai ciki tana iya ba ɗanta, ta yi ɓari ko ta haifi gawa, a ce wabi ne. Gonoriyar namiji ma ɗigarta ta kan ragu bayan makonni ko watanni ba tare da ƙwayar ta fita ba. Hapis kuwa bushewa al'adarsa ce. Sabo da haka duk abin da mutum ya sha a makon da miki ke shirin bushewa, ko ruwan rijiya ne, shi zai karɓi yabon.

Akwai wani labari daga Jamus da ya isa misali. Cikin ƙarni na 16, da tunjere ta addabi Turai, an riƙa shigo da wani itace daga tsibiran Karibiyan mai suna gwayak, ana dafa shi ana sha, har a ka yi masa laƙabi da itace mai tsarki. Wani marubuci, Ulrich von Hutten, ya sha, mikinsa ya bushe, ya rubuta littafi cikin 1519 yana yabon itacen da cewa ya warkar da shi. Littafin ya bazu, fatake su ka yi arziki. Cikin 1523 von Hutten ya mutu da tunjere. Mutumin nan mai ilmi ne, kuma bai yi niyyar yaudarar kowa ba. Ya ga lafawa ne ya kira ta warkewa. Tunjere ba ta sami magani mai kashe ƙwayarta sosai ba sai da Paul Ehrlich da Sahachiro Hata su ka fito da salbasan cikin 1910, sa'an nan John Mahoney ya nuna cikin 1943 cewa fenisilin yana warkar da ita. Har yau allurar fenisilin ce maganinta.

Inda wannan kuskure ya fi muni shi ne ƙanjamau. Sunan da mu ka ba ta daga ƙanjamewa ya fito, watau mun sa mata suna da alamarta ta ƙarshe. Mai ɗauke da ƙwayar ya kan yi shekaru da ƙibarsa, in kuma yana shan maganin asibiti ya kan rayu bai ƙanjame ba. Sunan sai ya ba mai talla ƙofa, ya ce ai ga shi ka yi ƙiba, ka warke. Cikin Janairu 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar yana warkar da cutar da haɗin ganyaye, a ka sa majinyata su ka bar maganin asibiti. Bayan saukarsa hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidar waɗanda su ka rasa 'yan'uwansu ta wannan hanya. Masu aikin lafiya sun daɗe suna cewa cuta mai karya garkuwar jiki, kuma wannan suna ya fi dacewa, gama ya faɗi ɓarnar da a ke yi a ɓoye.

5. Haƙƙin Itatuwa

Kada mai karatu ya zaci ina nufin itatuwan banza ne. Waɗanda a ka fi ambata a haɗin sanyi sanannu ne, su bagaruwa, marke, sabara, maɗaci, sanya, tafashiya da hano, kuma kowane yana da aikin da ya ke yi a jiki.

A ɗauki bagaruwa. Majema sun san ta tun kaka da kakanni, da 'ya'yanta su ke jeme fata, gama baurin da ke cikinta yana tsuke nama ya busar da shi. Abin da ta ke yi wa fatar akuya a majema shi ta ke yi, daidai gwargwado, ga fatar mutum in an kama ruwa da ita. Ruwa ya ragu, wuri ya tsuke. Wannan aiki ne na gaskiya, amma busar da ruwa dabam, kashe ƙwayar da ta riga ta haura mahaifa dabam. Yawan matsi da wanki da abubuwa masu bauri ma ya kan kashe ƙwayoyin kirki da ke tsaron wurin, ya bar fatar da tsagewa, cuta ta sami ƙofa.

A ɗauki sanya, wadda a ke yi wa kirari da uwar magunguna. Wanda ya sansana saiwarta zai ji ƙanshi irin na man zafi, dalili kuwa sinadarin da ke cikinta shi ne a ke sawa a man zafi, kuma dangin asfirin ne. Ba mamaki ta rage raɗaɗi. Amma saiwar nan in ta yi yawa dafi ce, kuma ba a auna ta da komai sai tafin hannu. Maɗaci kuwa sunansa ya faɗi halinsa, mutanenmu kuma sun daɗe da ɗaukar ɗaci shaidar ƙarfin magani, alhali harshe ba ma'aunin wannan ba ne.

Cewa itace na iya ba da magani na haƙiƙa, wannan ba abin musu ba ne. Daga ɓawon wani itacen Amurka ta Kudu a ka fid da kwinin cikin 1820. Daga wani ganye ɗan'uwan tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fid da maganin zazzaɓin sauro cikin 1972, har ta sami kyautar Nobel cikin 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi ga masu sikila, ya zama maganin da a ka sa wa suna Niprisan. Abin lura a misalan nan uku, kowace cuta tana da iyaka. Ana iya duba jini a ce wannan yana da ita, wannan ba shi da ita, a ba shi magani, a sake dubawa. Sanyi ba shi da iyakar da za a yi masa haka. In wani itace a dajinmu yana kashe ƙwayar gonoriya, ba za mu taɓa sani ba muddin ana ba da shi ga mai tsargiya da mai kandida da mai lafiya a lissafa su duka wuri ɗaya. Faɗin kalmar ya cuci majinyaci, ya kuma cuci itacen.

Bukatar sabon magani kuwa gaskiya ce. Ƙwayar gonoriya ta bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya. Cikin 1976 a ka gano irin da fenisilin ba ya kashewa, ɗaya daga tushensa kuwa Afirka ta Yamma ne. Shan kafso biyu ko uku ba bisa ƙa'ida ba, ko zazzaga shi cikin jiƙo don a ƙara wa jiƙon ƙarfi, yana daga abin da ke koya wa ƙwayar taurin kai.

6. Laifinmu Masu Rubutu

Na daɗe a kan mai talla, amma shi abincinsa ya ke nema. Wanda ya fi cancantar zargi shi ne mai alƙalami.

Rubuta sunayen itatuwan Hausa da amfaninsu tsohon aiki ne. J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotilan wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya buga A Hausa Botanical Vocabulary cikin 1916, da The Useful Plants of West Tropical Africa cikin 1937, har masana tsirrai su ka sa wa hano sunansa, Boswellia dalzielii. Aikinsa taska ne. Amma abin da irin wannan littafi ke cewa shi ne ana amfani da itace kaza don cuta kaza. Rahoto ne na abin da mutane ke yi. Da maganar ta bi hannu zuwa hannu, daga littafi zuwa kundin ɗalibi, daga kundi zuwa 'yan ƙananan littattafan da a ke sayarwa a bakin masallaci, sai "ana amfani da shi don" ta rikiɗe ta zama "yana maganin". Kalmomi kaɗan a ka sauya, rahoto ya koma fatawa.

Na karanta kundaye da dama na ɗalibai bisa magungunan gargajiya, tsarinsu kusan ɗaya ne. Shafi a raba biyu, hagu sunan cuta, dama sunan itace da yadda a ke haɗawa. A ƙarƙashin sanyi a jera itace goma. Ba a tambayi mai maganin alamun da ya ke gani kafin ya ce sanyi ne ba, ko iri nawa ya sani, ko yaushe ya ke cewa wannan ya fi ƙarfina. Alhali nan ilmin ya ke. Tsofaffin masu magani da ungozomomi suna da kalmomi irin su tunjere da kabba da yankan gashi da tsargiya, kuma ba su ɗauke su abu guda ba. Lasifika ce ta narkar da su cikin sanyi, don kwalba guda ta sami masaya da yawa. Mu da ya kamata mu tsare waɗannan kalmomi mun bi sahun lasifika. Littafin Lewis Wall na 1988, Hausa Medicine, ya fi yawancin namu kyau ta wannan fuska, gama ya tsaya ga yadda mutane ke fahimtar rashin lafiya kafin ya kai ga magani.

Haka kuma a ke wasa da maganar hukuma. NAFDAC, wadda a ka kafa cikin 1993, tana ba magungunan gargajiya lamba bayan ta duba cewa ba su da lahani na kusa, tana kuma sa a rubuta a jikin kwalba cewa ba ta tantance da'awar warkarwar ba. Rubutun da Turanci ya ke, da ƙananan haruffa. Mai talla kuwa da Hausa ya ke cewa hukuma ta amince, kalmar amincewa kuma a kunnen Bahaushe ta haɗa duka biyu, rashin lahani da yin aiki. Jimla guda ta Hausa a jikin kwalbar da ta rage wannan ruɗu.

7. Kammalawa

Abin da ya rataya a wuyan sassan Hausa a fili ya ke. A koma ga masu magani na ƙauye da ungozomomi da wanzamai, a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi, a rubuta kowace kalma ta cutar al'aura tare da alamun da mai faɗinta ke nufi, da yadda ta ke sauyawa daga karin harshe zuwa wani. A zauna da likitoci a daidaita sunayen Hausa ga cututtukan nan ɗaya ɗaya, yadda ma'aikaciyar asibiti za ta iya gaya wa mace abin da ke damunta da dalilin da ya sa tilas mijinta da abokan zamanta su zo. A kuma hori ɗalibai su bambanta "an ce" da "an gwada" a duk abin da su ka rubuta.

Kafin wannan aiki ya kammala, mai karatun da abin ya shafa ya riƙe abu biyu. Sanyi sunan alamu ne, gwajin jini da na fitsari da na ruwan gaba su ke faɗin cutar. Bushewar miki kuma lafawa ce har sai gwaji ya ce warkewa ce. Matar da ta shekara tana shan jiƙo alhali kilamidiya na toshe mata hanyar ƙwai, maganin mako guda ya ishe ta da an kira cutar da sunanta tun farko.